Giovanni Cassini: Mutumin da ya auna juyawar wani wata daga dusashewar haskensa

A watan Oktoban 1671, Giovanni Domenico Cassini ya hango wani ɗigon haske a yammacin duniyar Zuhal, wato Saturn. Wata ne da ke kewaya ta, wanda aka sani yau da suna Iapetus. Da ya neme shi a gabashinta sai ya rasa. Haka abin ya yi ta maimaituwa: ya bayyana a yamma, ya ɓace a gabas.

An haifi Cassini a 1625 a ƙauyen Perinaldo na Italiya. Ya koyar da ilimin taurari a jami'ar Bologna, kafin Sarki Louis na 14 ya gayyato shi Faransa a 1669, inda ya jagoranci cibiyar nazarin sararin samaniya ta Paris.

Watan ya yi ƙanƙanta a madubin hangen nesansa, ba a ganin komai a jikinsa, don haka da haske kaɗai ya yi lissafi. Ya fahimci cewa gefe ɗaya na watan baƙi ne, kamar tukunyar da hayaƙin murhu ya ci gefenta guda. Tun da kuma a gabas yake dusashewa kullum, dole lokacin da yake ɗauka ya juya a kansa ya yi daidai da na kewayensa, kimanin kwana 79. Namu watan ma haka yake, shi ya sa masunci a Yauri ko Ngaski fuska ɗaya ta wata yake gani a kan tafkin Kainji tun tasowarsa.

Sai a 1705, bayan shekara 34, ya samu madubin da ya nuna masa watan a gabas, da ɗan haske kaɗan.

Ba a komai ya yi daidai ba. Ya ƙi amincewa da Ole Rømer, wanda ya nuna cewa haske na ɗaukar lokaci kafin ya iso gare mu, kuma Rømer ne mai gaskiya. Amma a kan Iapetus bai kuskure ba. Kumbon da aka sa wa sunansa ya ratsa kusa da watan a 2007, ya aiko hotunan gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗayan fari fat saboda ƙanƙara.

Cassini ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Paris ranar 14 ga Satumban 1712 yana da shekara 87.