Sarauniya Amina Da Zancen Kisan Maza

Amina 'yar Bakwa Turunku, Sarauniyar Zazzau, shekara 34 ta yi tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa Kano da Katsina sun biya ta haraji, ta ci ƙasashen Bauchi (tun ba a kafa birnin Yakubu ba), ta rasu a Atagara. Tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata goro 10,000.

Amma a bakin jama'a, wai kowane gari ta ci sai ta kwana da namiji, da asuba a kashe shi. Littattafan biyu ba su faɗi haka ba. Ko Elizabeth Bathory ta Hangari, wadda aka tsare a 1610 kan zargin kashe 'yan mata, zancen wankanta da jini sai 1729 ya shiga littafi.