Baba Yara: Ɗan Zangon Da Ya Zama Sarkin 'Yan Wasan Gefe A Afirka Ta Yamma

Duk wanda ya san birnin Damagaram ya san cewa tun asali kashi biyu ne, wato Birni, inda fadar Sarki take, da kuma Zango, inda ayarin fatake ke sauka su huta su yi ciniki. Irin waɗannan zangogi ba a Damagaram kaɗai suke ba. Fataken ƙasar Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro sun kafa su a Salaga da Kintampo da Kumasi da Akra, har ta kai a ƙasar Ghana kalmar Zango ta zama sunan duk unguwar da Musulmi baƙi suka taru, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa su. Daga cikin 'ya'yan wannan Zango ne aka samu marigayi Usman Seidu, wanda duniya ta fi sani da Baba Yara, ɗan ƙwallon da sunansa ba ya rabuwa da tarihin gasannin da ƙasashe maƙwabta na Afirka ta Yamma suka fara yi a tsakaninsu.

Tasowarsa

An haifi Baba Yara a ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin Ghana tana ƙarƙashin Turawan Ingila, ana kiranta Gold Coast. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba da ƙwallo ya fara ba. Tun yana yaro sukuwa ya fara yi a filin tseren dawaki na Akra, inda ya shafe wasu shekaru yana hawa. A shekarar 1955 ne kulob ɗin Asante Kotoko na Kumasi ya ɗauke shi, ya sa shi a gefen dama na 'yan gaba, kuma lamba 7 ce ya riƙa sawa.

Bai daɗe ba 'yan kallo suka gane cewa an samu sabon hannu. Yana da gudu, ya iya yanka, sannan idan ya ɗago ƙwallo daga gefe sai ta faɗa daidai inda abokin wasansa yake jira. Tare da shi Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale na farko da aka yi a Ghana a 1958, sannan ta lashe gasar lig a 1959.

Kofin Jalco da ci bakwai na Akra

A wancan zamani babu gasar cin kofin Afirka, domin sai a 1957 aka fara ta, kuma da ƙasashe uku kacal. Babban wasan da mutanen Afirka ta Yamma ke jira duk shekara shi ne karawar Nijeriya da Gold Coast a kan kofin Jalco, wanda wani kamfanin sayar da motoci ya bayar. An fara shi a Legas a 1951, inda Nijeriya ta yi nasara da ci 5 da nema, daga nan kuma aka riƙa karɓa-karɓa, bana a Legas, baɗi a Akra.

A shekarar 1955 aka kira Baba Yara ƙungiyar ƙasa karon farko, kuma wasan Jalco ne a Akra. A ranar Gold Coast ta lallasa Nijeriya da ci 7 ba ko ɗaya, shi kansa ya jefa biyu a raga, kuma ta gefensa mafi yawan sauran suka biyo. Har yanzu wannan shi ne kashi mafi muni da aka taɓa ba babbar ƙungiyar Nijeriya. Ba wai Nijeriya ba ta da gwanaye ba ne, domin zamanin su Teslim Balogun ne da Dan Anyiam, kuma ta ɗauki kofin a wasu shekarun. Amma daga wannan rana duk mai tsaron bayan da zai kara da Gold Coast sai ya kwana da tunanin lamba 7.

Kofin Nkrumah

Da Ghana ta samu 'yanci a ranar 6 ga Maris, 1957, Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin wani makami na haɗa kan Afirka. A ganinsa Turawa sun raba yankin, wasu na jin Ingilishi, wasu Faransanci, wasu Fotugis, amma ƙwallo kowa yana jin yarenta. Mutumin da ya damƙa wa wannan aiki shi ne Ohene Djan, shugaban hukumar ƙwallo wanda daga baya ya zama daraktan wasanni na ƙasa. A lokacin ne ƙungiyar ƙasa ta samu sunan Black Stars, kuma Nkrumah ya ba da kofin zinare don ƙasashen Afirka ta Yamma su riƙa fafatawa a kai.

Wannan gasa ta fi ta Jalco faɗi, domin ta haɗa ƙasashen da Ingila ta raina da waɗanda Faransa ta raina. Ghana ta ɗauki na farko bayan ta doke Saliyo da ci 6 da 2 a Akra. A watan Oktoba na 1960, cikin shagalin samun 'yancin Nijeriya, aka yi wasan ƙarshe na biyu a Legas, nan ma Ghana ta doke mai masaukin baƙi da ci 3 da nema. A farkon 1963 ta sake ɗauka bayan ta casa Mali da ci 4 ba ko ɗaya. A waɗannan shekaru Baba Yara na cikin ginshiƙan ƙungiyar, tare da su Edward Acquah da Aggrey Fynn da Wilberforce Mfum da Mohammed Salisu, kuma a nan ne ya samu laƙabin da ya bi shi har kabari, wato sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

Rabuwa da Kotoko

A 1961 gwamnati ta kafa wani sabon kulob mai suna Real Republikans, inda aka tsamo gwanaye bibbiyu daga manyan kulob-kulob na ƙasar. Manufar ita ce 'yan wasan ƙasa su riƙa wasa tare kullum don su saba da juna. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da mai tsaron baya Dogo Moro, wanda shi ma sunansa kaɗai ya isa ya nuna daga inda ya fito. Mutanen Kumasi ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan, don sun ɗauka Akra ce ta yi musu ƙwace, har Kotoko ta yi barazanar ƙaurace wa gasar lig. Amma gwamnati ta riga ta yanke, Baba Yara ya koma Akra.

Haɗarin Kpeve

A ranar 24 ga Maris, 1963, Republikans ta je garin Kpandu a yankin Volta, ta doke Volta Heroes da ci 5 da nema. A kan hanyar dawowa motar da ta ɗauko su ta ƙwace a wata kwana kusa da Kpeve. Sauran 'yan wasan da suka ji ciwo sun warke, amma Baba Yara a lakarsa ya samu rauni. An kai shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, wanda ya yi suna wajen jinyar masu ciwon laka, kuma a can ne wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. Duk da ƙoƙarin likitoci, a watan Agusta na wannan shekara aka dawo da shi gida a keken guragu. Shekararsa 26 a lokacin.

Abin tausayi, watanni kaɗan bayan haka Ghana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, ta kuma ɗauka karon farko bayan ta doke Sudan da ci 3 da nema, ƙarƙashin mai horarwa C.K. Gyamfi. Mutumin da ya yi shekara takwas yana share fagen wannan rana bai taka ƙwallo ko sau ɗaya a gasar ba. A 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, aka rushe Republikans, kofin zinaren ma ya bi su. Baba Yara ya ci gaba da jinya har Allah Ya yi masa rasuwa a asibitin Korle Bu da ke Akra a ranar 5 ga Mayu, 1969, yana da shekara 32.

Abin da ya bari

A zamanin mulkin John Kufuor aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa. A wannan fili aka yi wasu wasannin gasar Afirka ta 2008, kuma a nan Ghana da Nijeriya suka tashi canjaras babu ci a watan Maris na 2022 a neman gurbin zuwa gasar duniya.

Irin gasar maƙwabtan da ya yi suna a cikinta ma ba ta mutu ba. Daga 1982 zuwa 1987 an yi gasar ƙasashen Afirka ta Yamma sau biyar, Ghana ta kwashe duka. Mena ta Nijar ta ɗauki kofin UEMOA a Yamai a 2010, sannan ta zo ta uku a gasar WAFU ta 2017 a Cape Coast, inda Ghana ta doke Nijeriya da ci 4 da 1 a wasan ƙarshe.

Haka kuma hanyar da ya buɗe wa 'ya'yan Musulmin Ghana ba ta toshe ba. Bayansa an yi su Ibrahim Sunday, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1971, da Abdul Razak, gwarzon 1978, da Mohammed Polo, har zuwa kan Mohammed Kudus da ya taso a unguwar Nima ta Akra. Yaran da ke buga tamaula ba takalmi a Zangon Damagaram ko na Kumasi, ya kamata su san cewa daga irin unguwarsu wannan bawan Allah ya fito. Allah Ya jiƙan Baba Yara, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara a gare shi, amin.