Tarihin Thierry Sabine, Baturen da Ya Shigo da Tseren Motoci Cikin Sahara

Duk wanda ya san garin Illela ya san ba a raba shi da Birnin Ƙonni, sai dai a bisa taswira. 'Yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsu, kasuwa ɗaya suke ci, harshe ɗaya suke yi. Daga Ƙonni hanya ta miƙe arewa zuwa Tawa, daga can sai Agadas, sai Arlit, sai hamada. Ta wannan hanya ce a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa suka riƙa gangarowa da tsofaffin motocin Peugeot, su ƙetare Sahara, su sayar da su, su sami kuɗin jirgin komawa gida. A waɗannan shekarun ne kuma wani tseren motoci da babura ya riƙa ratsa Agadas da Tawa da Damagaram da Yamai a cikin watan Janairu, lokacin hunturu, wato tseren Paris zuwa Dakar. Mutumin da ya ƙago shi Bafaranshe ne, sunansa Thierry Sabine, kuma a cikin hidimar tseren ya gamu da ajalinsa.

An haife shi ran 13 ga watan Yuni, 1949, a Neuilly, wata unguwar masu hali da ke gefen birnin Paris. Ubansa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a cikin tarihinsa, domin kuwa wasan mota ba irin ƙwallon ƙafa ba ne da yaro zai ɗinka tsumma ya fara a ƙofar gida. Thierry ya yi karatun aikin hulɗa da 'yan jarida, yana da kamar shekara ashirin ya fara shiga ƙananan gasanni na arewacin Faransa, musamman wajen garin Le Touquet da ke bakin teku.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake shiga wannan wasa, don ya gane abin da Sabine ya yi daga baya. A ƙasashen Turai mai sha'awa yakan fara da shiga ƙungiyar 'yan mota ta garinsu. Ta hannun ƙungiyar zai nemi lasin tsere daga hukumar wasan mota ta ƙasa, wanda dabam yake da lasin tuƙi, kuma ba a ba da shi sai likita ya duba lafiyar mutum. Sa'an nan sai maganar mota. Ba dole ta zama sabuwa ba, amma dole a shirya ta: a fitar da kujerun baya, a walda baƙin ƙarfe a cikinta kamar keji don kada rufi ya danne direba in ta kife, a sa bel mai ɗaure kafaɗu biyu, a ajiye tukunyar kashe wuta, direba ya nemi hular kwano da rigar da ba ta saurin kama wuta. Duk wannan sau ɗaya ake yi, ko sau biyu. Abin da ke karya mutane shi ne na kullum. Kowace gasa da kuɗin shigarta. Taya da za ta yi wa direban haya watanni, a tsere sai ta ƙare cikin yini. Birki yana cinyewa, shokozoba tana fashewa, giya tana kakkaryewa, ga mai, ga makanike, ga masauki, ga motar da za ta jawo ta tseren zuwa fili. In kuwa an yi karo, asarar ta mai mota ce, don inshorar da aka saba da ita ba ta biyan ɓarnar tsere. Ladan wanda ya ci ƙaramar gasa kuma sau da yawa kofi ne kawai. Saboda haka mai son ya daɗe a cikin wasan ko dai ya zama yana da dukiya, ko ya iya gyaran mota da hannunsa, ko ya iya shawo kan kamfanoni su biya shi ya manna sunansu a jikin motarsa.

Sabine ya iya wannan na ƙarshen ƙwarai, karatunsa ke nan. Ya yi tsere da motar Porsche a filaye da kan hanyoyi, har ya kai ga shiga gasar awa 24 ta Le Mans a tsakiyar shekarun 1970. Ba a sa shi cikin jerin manyan direbobin duniya, shi ma bai daɗe ba ya karkata ga shirya wa waɗansu gasa. A 1975 ya shirya tseren babura a kan rairayin bakin teku na Le Touquet, inda ya jera ƙwararru da 'yan koyo a layi ɗaya, aka sake su gaba ɗaya. Jama'a suka yi dafifi wajen kallo, gasar ta zama ta shekara-shekara.

A watan Janairu na 1977 ya shiga tseren da ya tashi daga Abijan zuwa birnin Nice na Faransa, yana bisa babur Yamaha XT 500. A arewa maso gabashin Jumhuriyar Nijar, can wajen iyakar Libiya, sai ya saki hanya. Ya kwana ya wuni shi kaɗai, ruwa ya ƙare, babur ya zama ba shi da amfani, har ya fid da rai. Bayan kamar kwana uku wani ƙaramin jirgin sama da aka tura nemansa ya hango shi. Wani in ya tsira daga irin wannan ba ya ƙara waiwayar hamada. Shi kuwa ya koma Faransa da niyyar ya kawo waɗansu su ga abin da ya gani.

Ran 26 ga Disamba, 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Paris. Suka ƙetare Bahar Rum a jirgin ruwa, suka ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, suka shigo Agadas, suka wuce Yamai, suka bi ta Gao da Bamako, tafiyar kilomita kusan 10,000. Guda 74 ne suka isa Dakar ran 14 ga Janairu, 1979. Wani saurayi, Cyril Neveu, shi ya zo na ɗaya a bisa babur Yamaha, a ɓangaren motoci kuma Range Rover ce ta yi gaba. Amma abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne irin waɗanda suka shiga. Yawancinsu ba 'yan tsere ba ne, masu sana'o'insu ne da suka tattara ɗan abin hannunsu, suka gyara motar gida a gareji da dare bayan an tashi aiki. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun zo da ƙaramar Renault 4, irin wadda matan aure ke zuwa cefane da ita, suka gama cikin na gaba-gaba. A 1980 har da masu Vespa aka yi tafiyar, a 1981 wani ya zo da Rolls-Royce. A 1982 'yan'uwan nan Marreau suka ci gasar motoci da Renault 20 wadda suka shirya da kansu.

A shekarar nan ta 1982 ne sunan tseren ya game duniya, ba don wanda ya ci ba, sai don Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya kafin jirgin sojan ƙasar ya gano shi. A 1983 Sabine ya shigar da tseren cikin hamadar Tenere, guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere kusan 40 suka ɓace. Ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu har aka tattaro su duka. Daga nan 'yan tsere suka ɗauke shi tamkar uba, ga shi kullum cikin fararen kaya, da asuba ya tsaya ya yi musu bayanin hanya. A Agadas yana da mataimaka daga cikin Buzaye masu sanin hamada, mafi shahara a cikinsu shi ne Mano Dayak, wanda daga baya aka sa wa filin jirgin saman garin sunansa.

To, suna shi ya kawo kuɗi, kuɗi kuma suka sauya tseren. Da talabijin ya fara nuna shi kowane dare a Turai, sai manyan kamfanoni suka ga kasuwa. Jacky Ickx, gwarzon Le Mans, ya ci a 1983 da Mercedes. Porsche ta ci a 1984 da 1986, Mitsubishi a 1985. Waɗannan suna zuwa da manyan motoci cike da kayan gyara, da makanikai da ake kai su zango a jirgin sama, su kwana suna sabunta mota direba yana barci. Mai motar gida kuwa in ya iso zango da tsakar dare, shi zai shiga ƙarƙashinta da tocila, ya toshe lagireto, ya ɗaure abin da ya karye, gari na wayewa ya sake kama hanya. Yawan masu shiga bai ragu ba, a 1985 ma sun haura 500, kuma Sabine bai rufe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa ba. Sai dai zancen cin gasa ya fita daga hannunsu, burinsu ya koma su isa Dakar kawai, da yawa kuma sun koma gida da bashi, motar na can an bar ta cikin rairayi. Ga wanda ya san Peugeot da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, ya kamata ya sani cewa wadda kamfanin ya ci tseren da ita a 1987, wato 205 Turbo 16, suna kawai ta haɗa da ta kan titi.

Akwai kuma tsadar da ba 'yan tsere suka biya ba. Motoci suna ratsa ƙauyuka a guje, inda yara ke fitowa kallo, dabbobi na kan hanya. An take mutane, ciki har da ƙananan yara, a ƙasashen da tseren ya bi, kuma sau da yawa jaridun Turai ba su ko ambaci sunayensu ba. A shekarun 1984 da 1985, lokacin da fari ya kashe dabbobi ya kori mutanen Adar da Azawak daga gidajensu, har da yawa suka gangaro kudu ta Ƙonni da Illela neman abinci, ayarin motocin miliyoyi yana wucewa ta gabansu yana ƙona mai. Masu suka a Faransa da Afirka sun ce wannan rashin ta-ido ne, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya. Masu kare shi suka ce yana kawo ciniki ga masu masauki da masu sayar da mai da 'yan jagora, musamman a Agadas. Sabine ya ji sukar, ya haɗa tseren da wani shiri na kai famfunan ruwa ƙauyukan Sahel. Wannan shiri ne ya kawo mawaƙin Faransa Daniel Balavoine cikin ayarin 1986.

Ran 14 ga Janairu, 1986, ayari ya tashi daga Yamai ya nufi Mali. Da yamma Sabine ya bar Gao a jirginsa mai saukar ungulu, zai je zangon Gourma-Rharous da ke bakin kogin Kwara. Duhu ya yi, iska ta taso da ƙura, jirgin kuwa ba a shirya shi don tafiyar dare ba. Saura 'yan kilomitoci a isa zango ya faɗi. Mutum biyar da ke ciki duk suka mutu: Sabine, da Balavoine, da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud, da 'yar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Sabine yana da shekara 36. Ba a tsai da tseren ba, aka ci gaba har Dakar.

Ubansa Gilbert ya karɓi ragamar shirin na waɗansu shekaru, daga baya ya koma hannun kamfanin Amaury, mai shirya tseren kekuna na Faransa. A 2008 aka soke gasar saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, a 2009 aka kai ta Kudancin Amurka, a 2020 aka mai da ita ƙasar Saudiyya, sunan Dakar kawai ya rage mata na Afirka. Shi kuwa Sabine, bisa al'adar waɗansu Turawa an ƙone gawarsa, aka kai tokar cikin hamadar Tenere a ƙasar Nijar, aka watsa ta a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a kan tudun rairayi, wadda tun daga lokacin ake kiranta da sunansa.