Marigayiya Ladi Kwali: Gwanar da Ta Koma Ɗaliba

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin, wadda aka sake wa fasali a shekarar 2007, zai ga hoton wata mata tana aikin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, wadda za mu kawo taƙaitaccen tarihinta a wannan fitowa.

An haife ta wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali da ke ƙasar Gwari. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, irin ginin gargajiya da ake murza yumɓu a ɗora shi zagaye bisa zagaye, a ƙona da itace da ciyawa a fili. Mu mutanen ƙasar Zuru wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin matan Dakarkari sun daɗe da shahara a kan wannan sana'a. Ladi takan ƙawata randunanta da zanen kunama da kada da ƙadangare da hawainiya da kifi. Sunanta ya yi nisa har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara ayyukanta a fadarsa.

A can fadar ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, wanda gwamnati ta ɗauka don inganta sana'ar tukwane, ya ga aikin nata. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar koyon gini a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A shekarar 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko a cikinta.

To, a nan ne abin lura yake. A lokacin shekarunta sun kusa talatin, kuma ta riga ta zama gwana wadda sarki ke yabawa. Amma a makarantar kusan kome sabo ne a gare ta. Da ita ce ke zagaya tukunya, yanzu kuwa faifai ne ke juya yumɓun tana zaune. Ga shafe mai ƙyalli da ba a san shi a ƙauye ba, ga kuma ɗakin gashi mai tsananin zafi. Ta ajiye girma ta zauna cikin samari 'yan koyo, ta soma da ƙananan kwanoni da kofuna kamar wadda ba ta taɓa riƙe yumɓu ba.

Bayan ta iya sabon aikin, ba ta yar da tsohon ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, sa'an nan a yi musu shafe a gasa a ɗakin gashi. Irin waɗannan sun yi nauyi, kuma ba sa sanyaya ruwa, domin shafen ya toshe kafofin da ruwa ke tsattsafowa. Sai suka zama kayan ado da ake rububinsu a ƙasashen waje. An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana nuna yadda ake gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna a shekarar 1984, makarantar kuma ana kiranta da sunanta.

Da yawa daga cikinmu yanzu muna da muƙamai a ofisoshi. Wani yana sha'awar zane ko saƙa ko rubuta waƙa tun muna aji, amma ya bari don gudun a ga babba yana kuskure irin na yara. Da Ladi ta ji irin wannan kunya a 1954, da watakila sunanta bai wuce ƙasar Gwari ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Saboda haka wanda ke da wata sha'awa da ya binne, ya nemi wanda ya iya, ko da ƙaninsa ne, ya zauna a gabansa ya koya.