Martha Graham: Matar da ta mayar da rawar masoya tamkar kokawa

Idan rawar da ka saba gani ita ce ta saurayi da budurwa a TikTok, daƙiƙa talatin ana murmushi ana kaɗa kafaɗa, to akwai wata rawar mutum biyu da za ka kalla ka rasa gane soyayya ake yi ko faɗa. Namiji ya ɗaga mace, ta kuɓuce, ya fizgo ta, ta zube ƙasa. Babu mai murmushi a cikinsu. Duk wanda ya bi salsalar wannan salo sai ya ci karo da sunan wata Ba'amurkiya, Martha Graham.

An haife ta ranar 11 ga Mayu, 1894, a jihar Pennsylvania. Mahaifinta likitan masu taɓin hankali ne, kuma gidansu babu ruwansa da rawa. Sai da ta kai shekara 22 ta shiga makarantar rawa ta Denishawn a Los Angeles, alhali sana'a ce da ake farawa tun ana yara. A 1926 ta kafa ƙungiyarta a New York.

A lokacin, rawar bale ta Turai ce ake ji da ita, wadda mace ke tsayawa kan yatsun ƙafa kamar iska za ta ɗauke ta. Martha ta cire takalmi, ta taka ƙasa, ta gina salonta a kan numfashi. Gwada ka gani: fitar da iska har cikinka ya lotsa, bayanka ya lanƙwashe kamar an naushe ka, sannan ka shaƙa ka miƙe. Haka jiki ke yi in ana kuka mai tsanani. Wannan matsewa da sakin shi ne tushen abin da har gobe ake koyarwa da sunanta.

Mace ce mai taurin kai. A 1936 gwamnatin Hitler ta gayyace ta bikin da ya zo tare da wasannin Olympics a Berlin, ta ƙi zuwa saboda yadda ake muzguna wa Yahudawa da masu fasaha.

Shekara goma sha biyu mata zalla ne a ƙungiyarta. Sai a 1938 Erick Hawkins ya shigo, namiji na farko, kuma ta girme shi da shekara 15. Soyayya ta ƙullu, rawarta ma ta canza, don yanzu ta samu wanda za ta ja ya ja.

A ganina, babu inda hakan ya fito kamar a Night Journey na 1947. Tsohon labarin Girkawa ne: sarauniya Jocasta ta gano cewa mijinta Oedipus ɗanta ne na cikinta, wanda aka jefar tun yana jariri. An saba ba da labarin ta ɓangaren namijin. Martha ta juya shi, ta fara daga lokacin da matar ke riƙe da igiyar da za ta rataye kanta, tana tuna yadda aka yi aka zo nan. Ka lura da igiyar nan. Ita ce ke nannaɗe su biyun a kan wani gado mai tauri da masassaƙi Isamu Noguchi ya ƙera, har ka kasa bambance igiyar cibiya da igiyar aure. Wani lokaci ta rungume shi kamar miji, nan take kuma ta tallafe shi kamar jinjiri. Martha, da ta haura hamsin, ita ce Jocasta. Saurayinta Hawkins shi ne Oedipus. Kai ma ka san ba ƙaramar ƙarfin hali ba ce.

Sun yi aure a 1948. Amma jirgi ɗaya da direba biyu? Sunanta ne a kan ƙungiyar, shi kuma yana son nasa ya fito. A 1950 suka je wasa Paris, ta ji ciwo a gwiwa, rangadin ya watse, Hawkins ya kama gabansa. Auren ya mutu a hukumance a 1954.

Ta ci gaba da hawa dandali har ta wuce saba'in, gaɓoɓi na ciwo. Da ta daina, sai ta kasa jure ganin 'yan mata na taka rawar da ta ƙirƙira wa jikinta. Ta faɗa shan giya da baƙin ciki har aka kwantar da ita a asibiti. Farkon shekarun 1970 ta bar giyar ta koma aiki. A 1976 Shugaba Gerald Ford ya ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula. Raye-raye 181 ta tsara, na ƙarshe da ta kammala shi ne Maple Leaf Rag a 1990, tana da shekara 96. Ta rasu ranar 1 ga Afrilu, 1991.

In kana da data, nemi fim ɗin Night Journey mai baƙi da fari da aka ɗauka farkon shekarun 1960, kusan rabin awa ne. Martha ce Jocasta a ciki, ta haura sittin. Wanda igiyar ta ɗaure su tare kuwa Bertram Ross ne, don Hawkins ya yi shekara goma da tafiya.