Hubert Ogunde: malamin lakwal da ya koma teyatur

Jama'a, waɗanda daga cikinmu suka yi ci-rani a Ikko ko Badun a shekarun baya ba za su rasa jin sunan Ogunde ba. Bayarabe ne, an haife shi a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ubansa fasto ne, kakansa na wajen uwa kuwa boka ne na gargajiya. A hannun kakan ya saba da kiɗa da waƙoƙin tsafi, a coci ya koyi na Nasara. Duka biyun ya haɗa cikin sana'arsa.

Da fari koyarwa ya yi a lakwal ta garinsu. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. A 1944 ya nuna wasansa na farko a Ikko, kan labarin Adamu da Hawwa'u. Bai daɗe ba ya tuɓe kaki, ya bar albashi, ya tara 'yan wasa suna bin garuruwa cikin babbar mota. A wancan zamani mutane na ganin wannan hauka ne. Iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandali, sai ya riƙa auren matan da ke wasa da shi. Ba mu ce wannan abin koyi ne ba, amma haka ya riƙe ƙungiyar.

A ganinsa, wasa na talaka ne. A yi shi da harshen da mai kallo ke ji, da ganga da rawa, kuma a taɓa abin da ke damun mutane ranar nan. Da ma'aikata suka yi babban yajin aiki a 1945, ya mai da shi wasa. Da 'yan sandan Turawa suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, shi ma ya kai shi dandali. Wannan wasan ne aka hana a Kano a 1951, har aka ci shi tara.

Bayan 'yancin kai ma bai canza ba. A 1964 ya fito da Yoruba Ronu, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Kowa ya gane Awolowo da Akintola ake nufi. Gwamnatin Akintola ta hana shi wasa a duk Jihar Yamma, inda masu kallonsa suke, inda abincin iyalinsa yake. Sai da soja suka karɓi mulki a 1966 aka ɗage hanin.

Da tsufa ya koma silima, ya yi fim mai suna Aiye. Yana cikin aikin wani fim a wajajen Jos ciwo ya kama shi. Ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu 1990, yana da shekara 73.