Labarin Likita Mila na Zariya

Ko wane mai bi da ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, a Gummi ne, ko Anka, ko Bukkuyum, ko wani ƙauye a bakin gulbi, ya ci moriyar wahalar wani mutum wanda da yawa cikinmu ba su san ko sunansa ba. Sunansa Walter Miller, amma mutanen Zazzau da Likita Mila suka san shi. Ya yi shekara wajen hamsin yana fama saboda ƙasar Hausa, abin da ya zo nema kuwa bai same shi yadda ya sa rai ba. Shi ya sa na ga labarinsa ya dace da mu da mu ke zaune inda masu bi ba su da yawa, inda mutum ya kan waiwaya cikin majami'a ran Lahadi ya ƙidaya kawuna da yatsunsa.

An haife shi cikin shekarar 1872 a wani ƙaramin gari, Honiton, a kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a babban asibitin St. Bartholomew na birnin Landan. Da ya gama, ga hanyar kuɗi da suna a buɗe gabansa, amma ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. A zamanin nan labarin Kano ya riga ya kai Ingila: birni mai ganuwa da marina da babbar kasuwa, da mutane masu karatu da rubutu, masu fatauci har Gwanja da Masar. Mutanen mishan suna tsammani idan Hausawa suka karɓi Bishara, su da kansu za su kai ta ko'ina tare da kayan fatauci. Da wannan bege Mila ya tashi.

Tun da ya ke shiga ƙasar Hausa ba shi da sauƙi a lokacin, aka fara aika shi Turabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin fatake da masu niyyar haji su kan sauka. Can ya zauna cikin Hausawa yana koyon harshe. Can kuma ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda ya fito kan hanyar Makka. Daga baya Mila ya riƙe shi kamar ɗansa, a bakinsa kuwa ya gyara Hausarsa.

Cikin watan Janairu na 1900 suka tashi daga Ikko su biyar: Bishop Tugwell shi ne babba, sai Richardson, da Ryder, da Burgin, da Mila. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara a Jebba, suka yi ta tafiya cikin zafin bazara har Zariya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau. Da sun tsaya nan, watakila da labarin ya sāke, amma zuciyarsu tana Kano. Da suka isa, Sarkin Kano Alu ya ƙi su, ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga garinsa. Kada mu yi saurin ganin laifin Sarki. A ran 1 ga Janairun nan Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, sojansa kuma suna matsowa arewa. Ta ƙaƙa Sarki zai rarrabe Bature mai littafi da Bature mai bindiga?

Suka komo kudu da Zariya suka zauna a wani gari, Girku. Masu karatunmu na ekklesiyoyin da suka fito daga S.I.M. za su tuna da sunan nan, gama a Girku ne Walter Gowans ya mutu cikin 1894. Nan ciwon atuni ya kama Ryder ya kashe shi. Richardson ya kwanta, aka mai da shi gida. Wuta ta cinye gidan da suka gina. A ƙarshe Gwamna ya umarce su su koma Loko, a bakin Binuwai. Ribar shekarar fari ke nan, kabari guda da toka.

Mutum zai ce da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, ai ƙofa ta buɗe wa Mila. Ba haka ya zama ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, waɗanda suka gaje shi kuwa suka ɗauki alkawarin nan ya zama dalilin hana mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙasarmu ta Sakkwato ta daɗe a rufe, sai cikin shekarun 1930 aka yarda wa S.I.M. su yi jiyyar kutare a Amanawa. Mila dai ya samu izini cikin 1905 ya zauna a tsakiyar birnin Zariya. Ya yi gidan ƙasa kamar na kowa, da ɗakin magani, da 'yar makaranta. Yana Bature, amma 'yan'uwansa Turawan mulki suna yi masa kallon mai tsokano fitina. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma mutanen gari suna yi masa kallon Nasara. Ba shi a tsuntsu, ba shi a dabba.

Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar baftisma ba su taka kara sun karya ba. Cikin na fari akwai wani malami, Malam Fate. Mu da mu ke nan mun san abin da irin wannan mataki ya ke jawo wa mutum: dangi su janye, a raba shi da matarsa, a hana shi gādo, a ƙi cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Likita yana ganin wannan duka da idonsa, ya kuma san shi ne sanadi. Ba ƙaramin kaya ba ne mutum ya kira wani zuwa hanyar da za ta raba shi da uwarsa.

Ya so ƙwarai a koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai karatun boko, har ya shirya wa Lugga yadda za a yi. Amma Lugga ya bar ƙasar cikin 1906, aikin kuwa aka ba wani, watau Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Mila ya rage da 'yan yaransa a Zariya.

A nan ya kamata in faɗi aibinsa, gama ba mala'ika ba ne. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. In ya ga an zalunci talaka, ko an ɓoye bawa bayan an hana bauta, ba ya iya yin shiru, sai ya rubuta wa Razdan, in Razdan bai ji ba ya rubuta wa Gwamna. Ya yi shekaru yana kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda masana su ke tunawa da shi har yau saboda waƙoƙinsa, har aka tuɓe Sarkin cikin 1920 aka kai shi Lakwaja. Tausayin talakawa da ya sa shi magana abin yabo ne. Amma a ganina ya kan yi wa mutane kuɗin goro, ya kan kuma manta shi baƙo ne wanda tutar ƙasarsa ta ke kāre shi. Zafin nan ya rufe masa waɗansu ƙofofin da haƙuri zai buɗe.

Sa'an nan wani abu ya faru wanda ya zama kamar ruwan fari bayan dogon rani. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wajen shekara hamsin kafin wannan, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim. Cikin karatun Alkur'ani ya lura da girman da aka ba Annabi Isa, ya shiga koya wa almajiransa su ɗaukaka shi, su jira cikakken labarinsa. Aka kashe malamin a kasuwar Kano, almajiransa suka watse zuwa wajen Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Su ne a ke kira Isawa. Ba su taɓa ganin Bature mai wa'azi ba, ba su da Linjila a hannu, amma suka riƙe abin da suka ji, uba ya gaya wa ɗa. Cikin 1913 waɗansu daga cikinsu suka iso gidan Mila a Zariya suna neman a karanta musu labarin Isa.

Ku duba irin murnar mutumin da ya shekara goma sha uku yana shuka a kan fako. Aka samu fili a wani wuri, Gimi, cikin ƙasar Zazzau, Isawa suka taru can da iyalinsu, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Mai kula da su wani fasto ne baƙar fata, W. A. Thompson, wanda ya zo daga tsibiran da ke hayin teku wajen Amurka. Ga garin Kirista na Hausawa, abin da aka yi ta roƙo tun daga Turabulus.

Ashe akwai ƙudan tsando a rafin wurin. Ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sa'an nan ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya gushe, ya mutu. A lokacin ba a samu magani mai kyau ba tukuna, ga shi kuwa Mila likita ne, yana kallo. Cikin 'yan shekaru mutane da yawa suka mutu, sauran suka tashi, Gimi ta zama kufai. Maƙwabta ba su rasa abin faɗi ba, kun san irin maganar da a kan yi in masifa ta sami wanda ya sāke addini. Ko mai bi ma sai ya tambayi zuciyarsa, don me Ubangiji zai kiyaye mutane shekara hamsin cikin jira, sa'an nan ya bar ƙuda ya cinye su? Ban ga amfanin in ƙaga amsa ba. Abin da Mila ya yi shi ne ya kwashe yaran da suka tsira, da marayu, ya kai su makarantarsa a Zariya, ya ci gaba da koya musu.

Gwamnati ba ta daina matsa wa mishan su fita daga birni ba. Cikin 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse. Nan magina Hausawa suka gina majami'a ta ƙasa da bakan gizo irin na soron sarakuna, sunanta St. Bartholomew, ɗaya da na asibitin da Mila ya yi karatu. Shi kansa bai so barin birni ba, gama zama cikin mutane shi ne abin da ya yi fama dominsa. Ya bar wa samarin mishan riƙon Wusasa, ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi da dare da rana, watau juya Littafi Mai Tsarki.

Ba shi ne ya fara ba. Wani Bajamushe, Schön, ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa tun 1880, amma shi bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuwa ta kan yi wa mai ji nauyi. Mila ya yi aikinsa tare da malamai Hausawa da mutanen waɗansu mishan, suna auna kalma ɗaya ɗaya. Suka ɗauki kalmomin da mutane suka riga suka sani, irin su Allah, da annabi, da zunubi, da tuba, da addu'a, domin mai ji kada ya ce wannan addinin baƙi ne da harshen baƙi. Cikin 1932 aka buga dukan Littafin, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Shi ekklesiyoyi suka yi ta karantawa kusan shekara hamsin kafin a yi sabon juyi.

Ga abin mamaki. Don manyan biranen Hausa ya yi aikin, amma waɗanda suka fi rungumar Littafin su ne kabilun dutsen Jos, da kudancin Zazzau, da Adamawa, da maƙwabtanmu na ƙasar Zuru, da Maguzawa na ƙauyuka. Mutanen da harsunansu ba su jin juna suka iske suna iya yin sujada tare da Hausa.

Yaran makarantarsa kuma suka girma cikin sabon zamani. Iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, suna tsoron boko, suna cewa yaron da ya sa wando da takalmi ya tafi Ikko ya bar tsoron Allah a tasha. Ga Barau Dikko, ɗaya daga cikin yaran Mila. Ya yi karatu a Ikko, ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo ya zama likita na fari cikin 'yan Arewa. Da 'yan boko suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, cikin 1949 shi suka zaɓa shugaba, ko da ya ke yawancinsu Musulmi ne, shi kuwa Kirista ne bai ɓoye ba. Ya rasu cikin 1977, babban asibiti a Kaduna yana ɗauke da sunansa. Daga zuriyar Isawa kuma aka sami Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. cikin 1935 ya tafi Ingila, amma zama bai yiwu masa can ba, ya komo. Da tsufa ya zo, bai zauna yana ƙirga nasarori ba. Cikin 1947 ya buga wani littafi da Turanci wanda sunansa ma tambaya ne, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya. Cikinsa ya tuhumi mulkin mutanensa, ya ce sun jingina da sarakuna sun bar talakawa cikin jahilci da ciwo. Wanda ya yi tambayar nan yana cikin waɗanda tambayar ta shafa, ya kuwa sani. Duk da haka bai kwashe kayansa ya koma garinsu ba.

Ya ƙarasa kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, bai taɓa aure ba, ba shi da 'ya'ya sai waɗanda ya goya. Can ya rasu cikin 1952, yana da shekara 80, shekara takwas kafin Nijeriya ta sami mulkin kai.